Koyon aikin kahraba (wutar lantarki) a Saudiyya: a gida da wayar hannu, ko a aji?

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya nace sai aikin kahraba. Kullum yana kan YouTube, har ya iya sa soket da canza fitila. Ni kuwa ina ganin gara a biya masa kwas. Waɗanda suka bi hanyoyin nan, ku faɗa mana yadda ta kaya.

Mai Wayarin, Jidda: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ban taɓa zama a aji ba, bayan mu'allim, wato ogan aiki, na bi ina riƙe masa tsani, dare ya yi in duba littafi. Amma ka ja masa kunne: yawancin bidiyon nan na ƙasashen da waya ɗaya ce mai wuta, ɗayar lami, wato marar wuta. A tsofaffin gidajenmu na nan Saudiyya masu wutar volt 127 da 220 ba haka ba ne. Daga layi biyu ake haɗa 220 ɗin, kowanne da wutarsa. Ka kashe makunni ka ɗauka shi ke nan, alhali ɗaya wayar na nan da 127. A gabana ta ja wani yaro a unguwar Karantina, Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Tun 2010 aka yanke komawa 230, amma tsohon tsarin bai ƙare ba. Testa tukuna, sannan hannu.

Baƙon Madina: Ni kwas na yi a Kano kafin in zo. Riƙe filaya dai ba a can na iya ba, lissafi na samu. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai cin wat 2,200 a kan 220 amfiya 10 yake ja, daga nan ka san kaurin waya da girman bireka. Wanda bai san wannan ba, bireka na yawan faɗuwa sai ya sa babba, waya ta yi ta ɗumi cikin bango. Kuma wutar nan sau 60 take bugawa a daƙiƙa, ta gida Nijeriya 50, shi ya sa injin markaɗen da aka kawo daga Nijeriya ke ƙara gudu.

Hajiyar Hindawiyya: Ɗana haɗawa ya yi, safe aji, yamma wurin oga. Kuɗin ne dai ya ba mu wuya.

Mai Wayarin, Jidda: Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Alhaji, ka duba iƙamar yaron ma, wato takardarsa ta zama a ƙasa. Daga 2021 ana yi wa masu sana'a fahasul mihani, wato jarrabawar sana'a, da rubutu da aikin hannu. Hannun bai dame ni ba, rubutun ne ya sa na kwana kan dokar Ohm, ta lissafin wuta, da furfurata.

Ɗan Misfala: Na gode ƙwarai. Malam, ko kana neman mai riƙe tsani? Bayan Juma'a sai in kawo maka shi.