Tambaya kan Request Tracker: masu gyara suna ganin ƙorafin bashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon wanda ya san Request Tracker sosai, wato manhajar karɓar ƙorafi da bin sawunsa, inda kowane ƙorafi ke zama tikiti.

Ni ke kula da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a yankin Auyo, jihar Jigawa. Mun raba ƙorafin manoma layi uku: gyaran injin ban ruwa, rabon taki, sai bashi. Na bashin nan ne damuwata, domin a ciki ake rubuta abin da ake bin kowane magidanci, kuma a ƙauye kowa ya san kowa. Asirin mutum amana ne a hannunmu.

Na cire ShowTicket, wato izinin ganin tikiti, daga rukunin Privileged na ma'aikata a babban saiti, tunda izinin da aka bayar a can ba ya sokuwa a layi ɗaya. Kowane rukuni na ba shi izini a layinsa. Masu gyaran inji na bar musu SeeQueue (ganin layi) da CreateTicket (shigar da tikiti) a layin bashi, don su iya tura ƙorafi can.

Duk da haka suna buɗe wasu tikitin bashi, ba duka ba. Na lura akasari waɗanda suka shigar da hannunsu ne, saboda yawancin manomanmu ba su da imel, da baki suke kawo kuka. Ina zargin manhajar tana ɗaukar mai gyaran a matsayin Requestor, wato mai ƙorafin, kuma Requestor yana da ShowTicket.

In na cire wa Requestor wannan izini, manomi mai imel zai daina ganin nasa? Ko akwai hanyar da sunan mai gyara zai fita da kansa da zarar tikiti ya shiga layin bashi? Allah ya saka da alheri.