Maƙwabtan filin ƙwallo, me kuka gani da idonku?

Abban Sadiq (Kano):
Salamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka ce gwamnati za ta zuba kuɗi a filin wasa sai gardama ta kaure, wasu na cewa ruwan sha da asibiti ne gaba. Ina so mu ji daga bakin waɗanda ke zaune kusa da filayen. Shagona yana Ƙofar Mata, dab da filin Sani Abacha. Ranar da Pillars ke wasa a gida, kafin la'asar ruwan leda da lemo sun ƙare a firjina. Sauran ranaku ciniki na nan yadda yake. Kano ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma har gobe a layinmu wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa.

Inna Mai Tuwo (Garwa, Kamaru):
Wa alaikumus salam ɗana. Ni kam na ci moriya, ba zan ɓoye ba. A gasar Afirka ta Janairun 2022, a filin Roumdé Adjia Najeriya ta buga wasanninta, har ta ci Masar ɗaya da nema. Mutanen Yola da Mubi suka cika gari. Tukunya biyu nake ɗorawa, sai da na aro ta maƙwabciya, na ɗauki yara masu wanke kwanuka. Daren da Tunisiya ta fitar da su, washegari tuwona ya kwana. Abin da ya zauna mana shi ne kwaltar da aka shimfiɗa saboda gasar. Ita nake tambaya a kai: sai baƙi za su zo ake tuna mu?

Direban Tasi (Abuja):
Inna, tambayarki ita ce tawa. Babban filin Abuja na mutum dubu 60 an gina shi ne don wasannin Afirka na 2003. Aka bar ciyawarsa ta mutu, sai da Ɗangote ya sa kuɗinsa aka gyara. Bayan wasa da Guinea-Bissau a Maris 2023, Super Eagles suka koma buga wasanninsu a Uyo. Kullum ina wuce shi da fasinja, ƙofofi a rufe. Ɗiyata kuwa a ƙasa take zama a aji, benci bai isa ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ɗan Yamai:
Malam direba, Allah ya huci zuciyarka, amma rashin gyaran ma asara ne. Da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ƙi amincewa da filin Seyni Kountché, Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, a Maroko ta riƙa karɓar baƙi. Kuɗin jirgi da otal can suka tafi, mu da yaranmu muna kallo a talabijin. Ni ina goyon bayan a gyara wanda ake da shi, a bar samarin unguwa su riƙa motsa jiki a ciki.

Abban Sadiq:
Na gode. Mutanen Kaduna da Tamale, ku muke jira. Ku faɗa mana ko ana barin yara shiga filin ranar da babu wasa.