Dodon koɗi na cinye min murjani, tsincewa ta ƙi ƙarewa

Assalamu alaikum. Ina kiwon murjani mai rassa (halittar teku ce mai rai, mai nama a kan ƙashi), nau'in Acropora da Pocillopora, a tankin ruwan gishiri, kuma wani ƙaramin dodon koɗi na neman gama min da shi. Bisa kamanninsa Drupella ne: tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, ƙwansonsa mai ƙurajen tudu, kuma gansakuka mai ruwan hoda ta rufe shi, har ba ka bambance shi da dutse.

Da rana ba ka ganin ko ɗaya. Da dare in na haska tocila sai in tarar sun taru a gindin reshe suna kankare naman. Da safe wurin ya koma farin ƙashi fat, ciwon kuma kullum sama yake yi.

Na tsince manyan da hantsaki. Na tsoma murjanin cikin ruwan aidin, sai suka shige ƙwanso suka rufe ƙofa, ba abin da ya same su, murjanin ne ma ya dusashe. Na gutsure matattun rassa saboda a kansu suke liƙa ƙwai. Gishiri da zafin ruwa duk daidai suke. Duk da haka ƙanana kamar ƙwayar shinkafa sai fitowa suke daga cikin rassa, inda hantsaki ba ya kaiwa.

Ta yaya zan fitar da waɗannan ƙananan daga tsakiyar rassan ba tare da na farfasa murjanin ba? Na gode.