Motar gudu mai ƙonannen fenti: sakacin mai ita ne, ko muna yanke hukunci da ido?

Abban_Sadik:

Assalamu alaikum. Duk inda masu motocin gudu suka jera motocinsu, da zarar wata Nissan 350Z ko Mazda RX-8 ta shigo fentin rufinta ya ɗaɗɗaye, fitilunta sun yi jawur, sai a fara zunɗe ana cewa mai ita ya wulaƙanta mota, da ma Corolla ya saya ya huta. Ita kuwa wadda aka fito da ita daga wanki tana sheƙi, ba mai ce mata uffan. To galibin motocin nan, irin su BMW Z4 da Porsche Boxster da 350Z, sun haura shekara 15, kuma yawancinsu daga Amurka aka shigo da su bayan sun ci duniya. Tambayata ga masana: me ake dubawa a gane cewa lallai an yi sakaci da mota, ba tsufa ba ne kawai ko zafin rana?

Bakanike_Apo:

Wa alaikumus salam, Abban Sadik. Mai auna mota da fenti kallon kitse yake wa rogo. Minti biyar ya isa ka san gaskiyar mai mota, kuma ba sai ka kwance ko noti ɗaya ba.

Fara da taya. A gefen kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar da ta wuce shekara 6 a zafin nan namu abar tuhuma ce ko da zanenta bai cinye ba, wadda ta kai 10 kuwa ba ta da wurin zama a jikin mota. Zane kada ya gaza milimita 1.6. Sai harafin da ke bayan lambar nauyi: T iyakarta kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Motar da kamfani ya ce W, ka tarar da T 'yar gwanjo a ƙafarta, wannan shi ne sakaci. Ita 350Z mai rim 18 tayoyinta ba girma ɗaya ba ne, gaba 225/45, baya 245/45. Idan aka sa mata abin da aka samu a kasuwa, kwamfutar sai ta ɗauka taya na zamewa, ta riƙa haska SLIP tana rage wa injin ƙarfi a tsakiyar kwana.

Na biyu man birki. Yana tsotsar danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, mizaninsa ya sauko wajen 155. A zirga-zirgar cikin gari ba za ka ji komai ba. Ranar da ka taka birki da ƙarfi sau uku a jere daga gudu, man ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa fayau. Duk shekara 2 ake zubar da shi a sa sabo. In ka leƙa robar ka ga ya koma kalar baƙin shayi, ka samu amsarka.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi, ruwan lagireto. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin gishiri a cikin hanyoyin ruwa, yana cin alminiyom. Kulant ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Daga nan ka duba ko an cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, an haɗa fanka kai tsaye, dabarar da ta zama ruwan dare a garejinmu. Ana yi ne wai don kada injin ya yi zafi, alhali an ɓoye ciwon ne kawai, wato toshewar lagireto ko famfon ruwa da ya gaji. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta tana ci gaba da ba shi fetur da yawa kamar yanzu aka tayar da shi, fetur ɗin ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi ya ci. A injin M54 na Z4, tankin ruwan roba ne, da tsufa yake tsagewa. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan silinda, wani lokaci har zaren notocin da ke cikin bulok ya zare, don shi ma alminiyom ne.

Na ƙarshe, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar injin da ta ABS da ta jakar iska dole su kama gaba ɗaya sannan su mutu, ta injin kuwa sai an tayar take mutuwa. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta.

MaiFenti_Panteka:

Oga na Apo ya yi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Ɗaɗɗayewar da ake gani a rufi da bonet, fatar sama ce mai sheƙi rana ta ƙone. Ba a gyara ta da folish, sai an goge an sake fesawa, kuma ba ta taɓa lafiyar mota da komai ba. Ni ma na fi yarda da mota mai ƙonannen fentin kamfani fiye da mai sabon fenti, don ta farko ba ta ɓoye komai. Fentin kamfani kaurinsa yakan tsaya tsakanin maikuron 100 zuwa 180. In na'urar auna fenti ta nuna 300 an sake fesawa, in ta haura 500 akwai foti a ƙasa. Da yawan motocin nan daga gwanjon motocin hatsari irin Copart da IAA suka fito, saboda haka a bi lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai harafi da lamba 17, a ga hotunanta kafin a gyara. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a duba shatin ruwa, a ɗaga kafet a duba laka da tsatsar notocin kujera. Bayan ambaliyar Harvey a Houston a 2017 motoci masu ɗimbin yawa sun shiga irin wannan gwanjon. Waɗanda suka zauna a Michigan ko Ohio kuwa, gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙarƙashinsu tun kafin su hau jirgi, wannan ba laifin mai ita na yanzu ba ne.

Amma fa akwai dattin da sakaci ne na gaske, a nan na ɗan saɓa da masu cewa ƙazanta ba komai. Mota mai buɗaɗɗen rufi tana da ƙananan magudanan ruwa a inda rufin ke naɗewa. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya su taru a ciki, ruwan farko na damina ya mai da su taɓo. A Z4 ta 2002 zuwa 2008, injin ɗaga rufin yana zaune ne a wani rami ta gefen hagu, in magudanar ta toshe sai ya kwana cikin ruwa har ya mutu. A Boxster 986, wato samfurin farko, abin ya fi muni, ruwan yana gangarowa ƙarƙashin kujerar hagu inda akwatin kwamfutar makulli yake, ka wayi gari mota ta ƙi tashi, gilasai na sauka da kansu. Aikin minti goma ne: a zuba ruwa kofi ɗaya a kowane rami a ga ya fita ta ƙasa, in bai fita ba a zura siririyar roba mai laushi, ban da waya mai tsini don tana huda bututun. Haka lagiretocin Boxster guda biyu da ke bayan bambar gaba, leda da ganye suna maƙalewa a lungunsu su riƙe danshi har su ruɓe.

Rotari_13B:

Masu RX-8 su ne aka fi zalunta a wannan hukuncin. A ga mutum da galan ɗin baƙin mai a but, yana ƙarawa a gidan mai, sai a ce injinsa ya mutu. Injin RX-8, mai suna Renesis, ba shi da fistin, rota ce mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma da gangan aka yi masa ɗan famfo da ke fesa baƙin mai cikin ɗakin ƙuna don ya shafe bakin rota. Shan mai aikinsa ne, shi ya sa ake duba sandar mai duk bayan shan fetur biyu. Wanda ba ya ƙarawa shi ne mai sakacin. Haka wanda ake gani yana kai ta kusa da juyi 9,000 a minti bayan ta yi zafi ba hauka yake ba, lallaɓa ta kullum a ƙananan juyi yana tara baƙin toka a ciki.

Abin da ke kashe ta daban ne. A tayar da ita da sanyi a matsar da ita daga bakin ƙofa a kashe, fetur ya cika ɗakin ya jiƙa fulogi, gobe ta ƙi tashi. Maganinsa a danne totur har ƙasa ana murɗa makulli, hakan yana yanke fetur har ya bushe. Kwayil ɗinta huɗu da fulogi huɗu ba sa daɗewa, wajen kilomita 50,000 a sauya su tare da wayoyinsu. In aka bar su, ɗanyen fetur ya wuce ya narkar da katalis ɗin salansa, ta toshe, zafi ya dawo wa injin. Alamar da ba ta ƙarya ita ce tashi da zafi: a kashe ta bayan tafiya, a jira minti biyar, a tayar. In ta yi ta jan ƙafa, matsin injin ya yi ƙasa. Ana auna shi da na'urar rotari ta musamman mai ba da lamba uku ga kowace rota, kuma mafi ƙarancin da Mazda ta yarda da shi 6.9 kgf/cm² ne a juyi 250 a minti.

Alhaji_Tsoho:

Ku yi haƙuri, ni ban ga laifin a yi wa mutum magana ba. Fenti nasa ne, kujera da ta yage tasa ce, ba ruwan kowa. Amma taya mai shekara 11 da birkin da ba a taɓa sauya mansa ba, a motar da ke wuce 200, wannan ya shafi mai Keke Napep da ke gabansa. Irin wannan a ja shi gefe a nuna masa lambar da ke jikin tayar, ba a yi ta zunɗensa ba. Kuma laifi tudu ne. Da yawan masu dariyar nan baƙin mai 20W-50 ne a cikin injinsu, alhali 350Z 5W-30 take so, Boxster kuma irin su 0W-40 mai amincewar A40 ta kamfanin Porsche.

Abban_Sadik:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura guda: wadda aka lulluɓe da tamfol a gida shekara guda ba a taɓa ta ba fa? Mutane na cewa ita ce aka adana.

Bakanike_Apo:

Wannan ta fi mai yawo shan wahala. Batir mai lafiya volt 12.6 yake nunawa, in ya zauna ƙasa da 12 na makonni ba ya komawa daidai. Fetur yana fara lalacewa cikin wata 3 zuwa 6, ya zama danƙo a famfo da nozul. Birkin hannu ya manne, taya ta yi kwanci a gefe ɗaya, ɓera ya ci waya ya yi sheƙa a akwatin iska. Tamfol ɗin kansa in iska na kaɗa shi a kan ƙura, goge fentin yake kamar da sanfefa.

Kada a fara da murɗa makulli. A buɗe akwatin iska a duba wayoyi, a zuƙe tsohon fetur, a sauya baƙin mai da filta. A cire fulogi a ɗiga baƙin mai kamar ƙaramin cokali a kowace silinda, a juya injin da hannu zagaye biyu. Sannan a zare fis ɗin famfon fetur a murɗa na daƙiƙa 10 sau biyu ko uku don baƙin mai ya hau sama, a mayar da komai a tayar. Man birki da taya kafin ta hau titi.

In ajiyar dole ce, a ƙara iskar taya zuwa wajen psi 40, a sa giya da dutse a bar birkin hannu, a cire kan batir na nagetif. Tayar da ita minti biyar a tsaye yana tara ruwa ne a salansa da cikin mai, gara a fita da ita minti 30 duk mako biyu. Mai Boxster 987, wato samfuri na biyu, ya kula: batir yana cikin but na gaba, makullin but ɗin kuma na lantarki ne. In ka cire batir ka rufe, sai ka jawo jan maɓallin da ke akwatin fis ta wajen ƙafar direba ka jona masa wani batir kafin ya buɗe.