Kundin ƙa'idojin aiki na sabbin ma'aikata: yaya ake hana shi tsufa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ofis ne mai ma'aikata 12, akwai kundin da ya bayyana yadda ake karɓar kaya, yanke rasit da neman hutu. Amma duk sabon ma'aikacin da ya zo sai ya tarar abin da ke rubuce daban, abin da ake yi daban. Ina mafita?

Hajiyar Akawu: Wa alaikumus salam. Malam, fara ƙirga kwafi nawa ke yawo. Da zarar an mayar da kundi PDF an jefa shi a WhatsApp, ya tsaya cak a ranar, gyaran gobe ba zai same shi ba. A bar guda ɗaya tak a Google Docs, manhajar rubutu ta intanet, mahaɗinsa (link) kawai za a riƙa turawa. Mutum biyu ko uku su sami ikon gyara, sauran ikon tsokaci. In wani ya ɓata shafi, tarihin gyare-gyare zai nuna wanda ya taɓa da lokacin, kuma ana iya dawo da na baya.

Malam Sakatare: Gaskiya ne Hajiya. Ƙari a kai, kowane shafi a rubuta a samansa wanda ke da alhakinsa da ranar da aka duba shi na ƙarshe, a sake dubawa duk wata uku. Shafin da aka ce na kowa ne, shi ke fara ruɓewa. Kuma in an sauya ƙa'ida a taro, a gyara shafin kafin a tashi.

Wajen rubutu, kowane mataki aiki ɗaya, da lambarsa. A sa muƙami maimakon suna: "kai wa mai kula da sito", don masu suna suna barin aiki. A ƙara layi guda na dalili, misali "a ƙirga katan kafin a sa hannu, domin bayan sa hannu asarar ta ofis ce". Ƙa'idar da ba a san dalilinta ba, ranar da aiki ya yi yawa ake tsallake ta.

Yayan Kwamfuta: Ɗan'uwa, sabon ma'aikacin shi ne ma'auninku. A makonni biyunsa na farko ya bi kundin kalma da kalma, duk inda ya maƙale ya bar tsokaci a wurin. Tsofaffin hannu ba sa ganin gibin, sun haddace.

Kada a rubuta kalmar sirri a ciki. Kuma a ƙirƙiri kundin da asusun ofis, domin in a Gmail ɗin ma'aikaci yake, shi ne mai shi ko bayan ya bar aiki.