Yaran kulob ɗinmu sun cakuɗa min tsingaro, ya zan yi?

Salam jama'a, don Allah masu ilimin tono kayan tarihi ku taimaka min. Ina koyar da wasu matasa 'yan shekara 14 zuwa 19, na haɗa musu ramin gwaji mita 1 a kan mita 1, na ja igiya, na shimfiɗa ƙasa hawa uku da kaina, na binne tsingaro da gawayi a kowane hawa don su gane cewa na ƙasa ya riga na sama zuwa, to wallahi da na ɗan juya baya sai suka kama haƙa kamar masu neman zinariya, cokalin birkila da buroshi duk an jefar gefe, har wani ya ɗauko shebur.

Yanzu tsingaron hawa na biyu da na uku duk suna leda ɗaya, rubutun da aka yi da alƙalamin maka ma ya goge saboda ƙasar da danshi. Tun da ba a rubuta zurfin komai ba, akwai dabarar raba su ko dai in sake binnewa daga farko? Kuma ta yaya kuke sa yaro ya yi haƙurin kankarar ƙasa kaɗan-kaɗan yana tankaɗewa a rariya? Na yi bayani har na gaji.