Kuɗin mamaci: na wadda ke cikin fom ne, ko na magada duka?

Malam Sabi'u, Rigasa: Salamu alaikum. Maƙwabcina ya rasu, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, Allah ya jiƙansa. Mata biyu ya bari, amma sunan uwargida kaɗai ke cikin fom ɗinsa na ofis, inda ma'aikaci ke rubuta wanda za a nema in ya rasu. Ni dai a ganina kuɗin haƙƙinsa na aiki nata ne, shi ya rubuta da hannunsa.

Hajiya Ladi: Haba Malam! Fom ɗin da ya cike yana sabon ango? Ga amarya can tana takaba da goyo a baya, sai a ce ta tashi a tutar babu?

Barista Nura: Ku raba zancen biyu. Dokar fansho ta 2014 ta ce kuɗin da ke asusun fansho ba a sakinsu sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Suna a fom ba ya mallaka wa kowa komai a nan. Sai kuma inshorar rai, aƙalla ninki uku na albashin shekara, ita kam wanda mamacin ya ambata ake biya.

Malam Sabi'u: Yauwa! Ka zo inda nake.

Ustaz Bello, Tudun Wada: A hankali dai, Malam. Karɓa daban, mallaka daban. Abin da aka riƙa cirewa daga albashinsa guminsa ne, gado ne ba musu. Matan za su raba sumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, da babu sai rubu'i, ɗaya bisa huɗu. Ko wadda aka yi wa saki ɗaya, in ya rasu tana cikin idda, tana da rabonta. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Inshorar ce malamai suka saɓa a kai, wasu na ganin kyauta ce daga ma'aikata ga wanda aka ambata.

Malam Sabi'u: To ni ina bayan waɗannan malaman.

Hajiya Ladi: Kana bayansu ne don uwargidan 'yar garinku ce, mun sani. Barista, wata huɗu da kwana goma suna cikin gida, wa zai yi zaryar kotu? Kada ƙanin miji ya riga su karɓo takardar.

Barista Nura: Kowane ɗaki ya sa mutum nasa cikin masu neman takardar, Hajiya. Su fara haɗa takardar shaidar mutuwa da lambar asusun fanshonsa tun yanzu.

Malam Sabi'u: Inshorar fa? Har yanzu ba wanda ya kayar da ni.